Maza Biyar A Gidan Dawuda: Koya Wa 'Ya'yanmu Maza Su Daraja Mace

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22 da Rut 2:1-23

  

Maganarmu ta yau tana da nauyi. A cikin harsunanmu da yawa, ko Berom, ko Ngas, ko Bajju, ko Bachama, ko Tangale, abin da za mu taɓa yau ba a cika faɗinsa a gaban yara ba. Amma Littafi Mai Tsarki bai ɓoye shi ba. Idan Allah ya ga ya dace a rubuta shi, mu ma ya dace mu karanta, mu kuma koya wa yaranmu.

Mun daɗe muna gargaɗin 'ya'yanmu mata. Kada ki yi dare a rafi. Kada ki shiga ɗakin namiji. Ki lura da rigar da kike sawa. Gargaɗin yana da amfaninsa. Amma sau nawa muka zaunar da 'ya'yanmu maza muka gaya musu abin da Allah yake bukata daga gare su game da mace? Mun tsare akuya, mun bar kura tana yawo. Yau za mu juya ga yara maza da samari.

Girman matsalar

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kusan mace 1 cikin kowace 3 a duniya ta taɓa shan duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta. Yawancin wannan mugunta daga hannun miji ko saurayi take fitowa, wato mutumin da ya ce yana ƙaunarta.

Kada mu ce wannan na waɗanda ba su san Allah ba ne. A watan Mayu 2020 aka kai wa wata ɗaliba mai shekara 22, Uwaila Omozuwa, hari a cikin majami'a a birnin Benin, inda ta je karatu, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A watan Afrilu 2022 mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja. A shekarar 2025 babbar kotu a Abuja ta sami mijinta da laifin mutuwarta, ta yanke masa hukuncin kisa. Dubban mutane sun yi sujada da muryarta, amma gidanta wurin kuka ne. Duk namijin da ya ɗaga hannu a kan mace, wata rana yaro ne a hannun iyayensa. Shi ya sa muke so mu fara tun daga can. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Labarin Tamar

Tamar 'yar Sarki Dawuda ce, ƙanwar Absalom. Amnon ɗan farin Dawuda ne, uwarsa dabam. Amnon ya ƙwallafa rai a kan Tamar har ya rame. Abokinsa Yonadab, ɗan ɗan'uwan Dawuda, ya shirya masa dabara. Amnon ya kwanta kamar marar lafiya, ya roƙi mahaifinsa a aiko Tamar ta yi masa abinci. Dawuda ya aike ta. Ta kwaɓa gari, ta toya masa waina a gabansa. Sai ya kori kowa daga ɗakin, ya kama ta. Ta ƙi, ta roƙe shi, ta tuna masa cewa ba a yin irin wannan wauta a cikin Isra'ila, ta nuna masa kunyar da za ta sha da sunan da shi ma zai ɓata. Bai ji ba. Da yake ya fi ta ƙarfi, ya yi mata fyaɗe.

Bayan haka ya tsane ta fiye da yadda ya so ta a dā. Ya sa baransa ya fitar da ita, ya kulle ƙofa. Tamar ta zuba toka a kanta, ta kece doguwar rigarta ta 'ya'yan sarki, ta tafi tana kuka da ƙarfi.

Mu lura, Tamar ba ta yi yawon dare ba. Ba ta sa tufafin banza ba. Mahaifinta ne ya aike ta, cikin gidan ɗan'uwanta kuma abin ya same ta. Babu inda nassi ya ɗora mata laifi. Akwai maza biyar a labarin nan, kowannensu kuwa madubi ne ga 'ya'yanmu.

Na farko, Amnon: wanda ya kira sha'awa ƙauna

Amnon ya ce yana ƙaunarta. Amma ƙaunar da ba ta jin "a'a" ba ƙauna ba ce. Dubi yadda ta juye ta zama ƙiyayya da zarar ya sami abin da yake so. Ko sunanta bai ƙara kira ba sa'ad da yake ba baransa umarni.

Mu koya wa samarinmu wannan a fili. Idan yarinya ta ce a'a, a'a take nufi. Ba yanga take yi ba. Ko ka saya mata sabulu da man shafawa, ko ka biya mata kuɗin makaranta, ko ka ɗauke ta a babur kyauta, ba ka sayi jikinta ba. Ko an kai kayan aure gidansu, ba ta zama kayanka ba. Wadda ta bugu, ko tana barci, ko tsoro ya hana ta magana, ba ta yarda ba. Yarinya ƙarama kuwa ba ta da ikon yarda sam. Dokar kare haƙƙin yara ta shekarar 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne.

Na biyu, Yonadab: abokin da ya ba da dabara

Yonadab bai taɓa Tamar ba, amma shi ya buɗe hanya. Nassi ya ce shi mai wayo ne ƙwarai. Ya tuna wa Amnon cewa shi ɗan sarki ne, kamar a ce ɗan sarki ba ya rasa abin da yake so.

Irin Yonadab suna nan a majalisar samari, a filin ƙwallo, a tashar acaba, a gidan burukutu, har a cikin ƙungiyar mawaƙa. Su ne masu cewa, kai ba namiji ba ne in ba ka kwana da ita ba. Su ne masu ba da aron ɗaki, masu tsaron ƙofa, masu fito da dariya sa'ad da yarinya take wucewa da ruwa a kai. Yau kuma su ne masu tura hoton tsiraicin yarinya daga waya zuwa waya ta WhatsApp. Mu gaya wa yaranmu, wanda ya tura hoton da wanda ya yi dariya duk sun sa hannu. Abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Na uku, baran Amnon: wanda ya bi umarni

Wannan saurayi ba mu san sunansa ba. An ce ya fitar da ita, ya fitar. An ce ya kulle ƙofa, ya kulle. Ya ga fuskarta, ya ji kukanta, bai ce komai ba. Mai yiwuwa tsoron rasa abincinsa ya hana shi.

Yaranmu da yawa za su sami kansu a matsayin wannan bara. Yaron shago zai ga maigidansa yana jan 'yar talla zuwa bayan shago. Ɗalibi zai san malamin da yake kiran 'yan mata ɗakinsa kafin jarrabawa. Mu koya musu cewa biyayya ga babba tana da iyaka. Idan yaro ba shi da ƙarfin tsayawa shi kaɗai, yana da bakin da zai yi ihu, yana da ƙafar da zai ruga ya kira wani babba amintacce. Mu kuma yi masa alkawari cewa in ya kawo mana irin wannan labari, ba za mu ce ya cika surutu ba.

Na huɗu, Absalom: wanda ya ce a yi shiru

Absalom ya karɓi ƙanwarsa a gidansa, wannan ya yi kyau. Amma abin da ya fara gaya mata shi ne ta yi shiru, tun da ɗan'uwanta ne, kada ta sa abin a rai. Tamar ta fito tana kuka a fili, aka mai da ita ɗaki. Ta zauna a gidansa cikin kaɗaici, ba mu sāke jin muryarta a Littafi Mai Tsarki ba.

Wannan kalma ta Absalom muna jinta har yau. Maganar gida ce. A rufa asiri. Wa zai aure ta in an ji? Kada a ɓata sunan ikkilisiya. Mu tambayi kanmu, asirin wa muke rufewa? Na wanda ya yi mugunta ne. Ita kuwa da aka cuta muna binne ta da rai.

Shirun Absalom bai kawo salama ba. Bayan shekara 2 ya sa barorinsa suka kashe Amnon a wurin bikin sausayar tumaki, ya gudu Geshur ya yi shekara 3. Daga baya, sa'ad da ya tayar wa mahaifinsa, shi da kansa ya ci mutuncin ƙwaraƙwaran mahaifinsa a kan soro, a idon jama'a (2 Sama'ila 16:22). Wanda ya yi fushi saboda ƙanwarsa ya wulaƙanta 'yan'uwan wasu. Akwai samari da za su yi faɗa in an taɓa ƙanwarsu, amma da dare su ne suke tare ƙanwar wani a hanya. Irin wannan saurayi darajar kansa yake karewa. Bai koyi darajar mace ba tukuna.

Na biyar, Dawuda: uban da ya yi fushi kawai

Da Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai. Iyakarta ke nan. Bai hukunta Amnon ba, ba mu kuma karanta cewa ya je wurin Tamar ba. Shi ne sarki, shi ne alƙali, shi ne uba, amma bai yi komai ba.

Me ya ɗaure hannunsa? Mu koma sura 11. Dawuda ya hango Bat-sheba matar Uriya, ya aika aka kawo ta, daga baya ya shirya mutuwar mijinta. Ya tuba da gaske, Allah ya gafarta masa, amma 'ya'yansa sun riga sun gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ku iyaye maza, ɗanka yana koyon yadda ake riƙe mace daga yadda kake riƙe mahaifiyarsa. In kana marinta, kana zaginta a gaban baƙi, kana ƙwace kuɗin doyarta ko na acca da ta noma ka kai gidan giya, wa'azin ranar Lahadi ba zai goge wannan darasi da sauƙi ba.

Daga ina abin yake farawa?

Ba wanda yake wayar gari ya zama Amnon. Reni ne tushen, duka da fyaɗe 'ya'yansa ne. Renin kuwa a cikin ƙananan abubuwa yake tsiro.

A kan yi murna sosai in an haifi namiji, in mace ce a ce Allah ya kawo na gaba. An dawo daga gona tare, yarinya ta tafi rafi, ta nemo itace, ta hura wuta, yaro yana ƙwallo, in abinci ya makara ya yi mata tsawa. Kuɗin makaranta ya kāsa, sai a cire yarinya ko da ta fi ƙoƙari. Yaro ya yi kuka, a ce kana kuka kamar mace, sai ya koyi abu biyu a lokaci ɗaya, cewa mace abin kunya ce, kuma fushi kaɗai aka yarda namiji ya nuna. Mutum ya rasu, 'yan'uwansa maza su kwashe gona da kwanon rufi, su bar gwauruwa da 'ya'yanta mata hannu wofi. Yaron da ya girma yana ganin waɗannan zai ɗauka Allah ne ya tsara haka.

Amma Farawa 1:27 ta nuna mana cewa namiji da mace duka cikin siffar Allah aka halicce su. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad sun nemi gādon mahaifinsu, Ubangiji kuwa ya gaya wa Musa cewa suna da gaskiya. A ƙasarmu ma, a shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje cewa al'adar da take hana 'ya mace gādon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. Al'adunmu suna da kyawawan abubuwa da yawa, muna alfahari da su. Amma inda al'ada ta yi karo da maganar Allah, mun san wadda za mu bi.

Wasu sukan ce, ai Bulus ya ce miji shi ne kan mace. Su karanta Afisawa 5 har ƙarshe. Ma'aunin da aka ba miji shi ne Almasihu, wanda ya ba da ransa saboda ikkilisiya. Almasihu bai taɓa dukan ikkilisiya ba. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji muzguna wa matarsa. 1 Bitrus 3:7 ta yi kashedi cewa mijin da ba ya girmama matarsa yana toshe hanyar addu'arsa.

Gonar Bo'aza

Allah bai bar mu da mugun misali kaɗai ba. Rut baƙuwa ce daga Mowab, gwauruwa, matalauciya, ta fita kala a gonar mutumin da ba ta sani ba. Zamanin mahukunta ne, lokacin da kowa yake yin abin da ya ga dama. Na'omi da kanta ta san cewa a wata gona za a iya cin mutuncinta.

Me Bo'aza ya yi? Bai ce Rut ta koma gida ta ɓuya ba. Samarinsa ya kira ya yi musu magana. Ya umarce su kada su taɓa ta, kada su kunyata ta, kada su tsauta mata. Ya ce ta sha daga ruwan da samarin suka ɗebo. Ya yi wannan tun kafin wani abu ya faru. Gidan Dawuda fāda ne mai dogarai, amma 'yar sarki ba ta tsira a ciki ba. Gonar Bo'aza fili ce ba shinge, amma baƙuwa ta yi aiki lafiya har ƙarshen kaka, domin mutum ɗaya ya buɗe baki ya koya wa samarinsa.

Ubangijinmu Yesu ya fi Bo'aza. A Yahaya sura 8 aka kawo masa mace ita kaɗai, ko da yake Littafin Firistoci 20:10 ya ambaci namiji da mace duka. Ina namijin? Yesu ya juya tambayar a kan mazan da suka kawo ta, suka watse ɗaya ɗaya. Ranar tashinsa daga matattu kuma, mata ne suka fara kai labari, manzanni suka ɗauka tatsuniya ce (Luka 24:11). Matan ne suke da gaskiya.

Abin da za mu yi

A gida, mu raba aiki. Yaro ya ɗebo ruwa, ya wanke kwano, ya goyi ƙaninsa. Ba zai rage masa komai ba. In ya zagi 'yar'uwarsa ko ya doke ta, kada mu ce halin maza ne. Mu tsawata masa, ya roƙi gafara. Uba ya zauna da ɗansa tun kafin muryarsa ta buɗe, ya yi masa bayanin jikinsa da sha'awa cikin harshen gida. In ba mu koya masa ba, waya da Yonadab za su koya masa. Mu kuma sani, ana cin zarafin yara maza su ma. Ɗanmu ya san cewa babu wanda yake da izinin taɓa al'aurarsa, in kuma an yi, ba laifinsa ba ne.

A ikkilisiya, kada a bar wa Zumuntar Mata wannan magana su kaɗai. Zumuntar Maza, malaman makarantar Lahadi, shugabannin matasa da na Birged, naku ne. Ku karanta 2 Sama'ila 13 da samari, ku tambaye su wane ne a cikin mazan nan biyar suka taɓa zama. Ku koya musu 1 Timoti 5:2, inda Bulus ya gaya wa saurayi Timoti ya ɗauki 'yan mata kamar 'yan'uwansa, da dukan tsarki. Mu kuma duba horon ikkilisiya. In yarinya ta yi ciki aka sa ta a bencin baya, ina wanda ya yi mata? An tambaye ta ko da yardarta ne?

In abin ya riga ya faru, abu na farko shi ne a gaskata ta, a gaya mata ba laifinta ba ne. Maimaitawar Shari'a 22:25-27 ta kwatanta fyaɗe da kisankai, ta kuma wanke wadda aka tilasta. Na biyu, a kai ta asibiti nan da nan, in da hali kafin ta yi wanka, a riƙe tufafin da ta sa. Akwai maganin da yake hana kamuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau, amma sai an fara shansa cikin sa'o'i 72. Na uku, a kai ƙara. Dokar hana cin zarafin mutane ta shekarar 2015, wadda yawancin jihohi suka karɓa, ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai a kan fyaɗe. Ta kuma hana dukan mata, korar mace daga gida da ƙarfi, kaciyar mata, da wulaƙanta gwauraye. Fyaɗe ba abin da za a sasanta da akuya da tulun giya ba ne. Romawa 13 ta ce mai mulki bawan Allah ne don hukunta mai mugunta. Gafara tana nan ga mai tuba, amma ba ta hana shari'a, ba kuma za a tilasta wa wadda aka cuta ta yafe don a rufe magana ba. Matar da ranta yake cikin hatsari, a fara kai ta wurin da za ta tsira, shawara ta biyo baya.

Kai saurayi da kake jin wannan, in ka ga kanka a cikin Amnon ko Yonadab, ƙofar tuba a buɗe take. Ka daina, ka furta, ka karɓi abin da zai biyo baya. Ke kuma 'yar'uwa da kika daɗe a gidan Absalom kina shiru, Allah ya sa an rubuta sunan Tamar domin ki sani ya ga hawayenki.

Tambayoyi don sujadar iyali

1. Waɗanne ayyuka ne a gidanmu muke cewa na mata ne kaɗai, me ya sa?
2. In abokinka ya turo maka hoton tsiraicin wata yarinya, me za ka yi?
3. In wani abu ya sami ɗaya daga cikin yaranmu, wurin wa zai fara zuwa?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, ka gafarta mana shirun da muka yi. Ka warkar da waɗanda aka cuta. Ka ba mu 'ya'ya maza masu tsoronka, waɗanda mace za ta wuce kusa da su ba fargaba. Ka sa gidajenmu da majami'unmu su zama kamar gonar Bo'aza. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.